Kwalba Mai Tsada Ma Rana Tana Kashe Ta

Ranka ya daɗe Edita,

Ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan kowa yana lafiya. Na daɗe ina bin rahotannin da kuke kawowa a kan jabun kayan sha, Allah ya saka da alheri. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne shawarar da ake yawan ba jama'a a ƙarshen irin wannan labari: a je babban shago, a sayi mai tsada, a duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Shawarar ba ƙarya ba ce, amma ba ta isa ba. A sana'ar da na ci abinci da ita shekara 26, wato kula da giyar inabi a otal, mutum zai iya bin shawarar nan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma koma gida da mushe a cikin kwali.

Na san mafi yawan masu karanta wannan jarida Musulmi ne, giya haramun ce a wurinsu, kuma ina girmama hakan. Da su na tashi a unguwa ɗaya, har yau tare muke zaman makoki da na suna. Ba talla nake yi ba, ba kuma kiran kowa nake ya sha ba, domin na ga gidajen da shaye-shaye ya watsa. Ni Kirista ne haifaffen Jos, da Hausa nake addu'a, da ita nake ciniki a Taminus. Akwai irina da yawa a Filato da kudancin Kaduna da Abuja waɗanda ke sayen kwalaben nan lokacin biki da Kirsimeti, kuma ana cutarsu. Akwai kuma magana guda a ƙasa da ta shafi 'yan'uwana Musulmi kai tsaye.

Na fara aiki a wani otal a Abuja a 1991, shekarar da gwamnati ta taso daga Legas. Ɗaukar kwali nake yi a sito. Mai kula da ɗakin ajiyar giya wani dattijo ne ɗan Faransa, mutum marar yawan magana. Wata rana da yamma ya kira ni, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya kunna kyandir, ya ɗauko wata tsohuwar kwalbar jar giyar Bordeaux ta Faransa da ya tsayar tun shekaranjiya don guiɓinta ya kwanta. Ya riƙe wuyan kwalbar saitin hasken kyandir yana tsiyayawa a hankali cikin tulun gilashi, kamar mai tace kunu ba ya son tsaki ya bi. Da baƙin guiɓin ya iso wuya sai ya tsaya cak. Ya zuba kaɗan a kofi, ya karkata shi a kan farin ƙyallen, ya ce in faɗa masa abin da na gani. Na ce ja ne. Ya ce in sake dubawa, in kalli gefe. A tsakiya ja ne mai duhu, amma a gefe launin ya koma irin na jar ƙasar da ake buga bulo da ita a Bukuru. Ya ce to, shekarun ke nan na gani. Sabuwar jar giya launinta kamar zoɓo mai kauri, har da shuɗi-shuɗi a gefe. Tana tsufa tana kodewa. Fara kuwa akasin haka take yi, tana tsufa tana ƙara duhu.

Sai hanci. Ya ce kada in nemi sunayen 'ya'yan itacen Turai da ban taɓa ci ba, in faɗi abin da na sani. Na shaƙa, na ce ina jin ƙamshin jakar fata sabuwa daga hannun badukku, da ganyen taba busasshe, da ƙasa ranar da ruwan farko ya sauka. Ya gyaɗa kai. Daga ranar ya cire ni daga ɗaukar kwali.

A baki kuwa, abin da Turawa ke ɓata shafuka suna bayani, Bahaushe ya riga ya san shi da kalma ɗaya: bauri. Duk wanda ya taɓa tauna goro ya san yadda dasashi ke bushewa, harshe ya yi kaushi, sannan bayan ɗan lokaci wani garɗi ya biyo baya. Sinadarin da ke kawo wannan a goro, danginsa ne ke cikin ɓawon inabi da ƙwayarsa da katakon gangar da ake ajiye giyar. Shi da tsami su ne ke riƙe jar giya ta yi shekaru. Da ƙuruciya baurin yakan kama baki kamar ɗanyar kanya. Shekaru na tafiya yana laushi, wani sashensa yana zuba ƙasa ya zama guiɓin nan. Shi ya sa a Italiya doka ta hana a fitar da jar giyar Barolo kasuwa sai ta yi wata 38, a ciki wata 18 a gangar katako. A Sifaniya ba a kiran jar Rioja da sunan Gran Reserva sai ta shekara 5, aƙalla biyu daga ciki a ganga. Mai ɗanɗano na gaskiya yana juya ta a baki ya tofar a bokiti, sannan ya yi shiru ya saurari tsawon lokacin da ɗanɗanon zai zauna. Mai kyau takan daɗe tana canza murya a maƙogwaro. Ta banza kafin ka ajiye kofi ta ɓace.

Amma a nan kuskuren mutanenmu yake farawa. An ji cewa giya tana ƙara daraja da tsufa, sai aka ɗauka kowace kwalba haka take. Mafi yawan giyar inabin da ake yi a duniya don a sha cikin 'yan shekaru aka yi ta, ajiya ba ta ƙara mata komai sai mutuwa. 'Yar kaɗan ɗin da ke jure shekaru ma sai an ba ta abin da take so: sanyi na digiri 12 zuwa 14, duhu, kwalba a kwance don toshiyar bakinta, wadda da ɓawon itace ake yi, kada ta bushe iska ta shiga. Yanzu a tuna hanyar da kwalba ke bi kafin ta iso hannunmu. Ta zauna cikin kwantena a tashar Apapa rana na dukan ƙarfe. Ta hau tirela ta biyo ta Lokoja. Ta iso Abuja a watan Maris, lokacin da kwalta ke narkewa, a tsayar da ita a kanta bayan gilashin shago tana kallon rana, wuta ta ɗauke, janareta ba mai. Kwalbar ta gaskiya ce, lambarta ta gaskiya ce, kuɗinta na gaskiya ne, amma abin da ke ciki ya dahu.

Bara ɗan ƙanwata zai yi aure a Abuja. Yaron kirki ne, shekara biyu yana tara kuɗi, yana so ya fita kunyar surukai. Ya sayi kwali huɗu na jar giyar Faransa a wani babban shago, ya ɗauko kwalba ɗaya ya kawo mini har Jos yana murna.

Ya ce, "Kawu, duba shekarar da ke jiki. Mai shagon ya ce irin wadda manya ke sha ce."

Tun kafin in buɗe na shafa bakin kwalbar, na ji toshiyar ta ɗago ta turo murfin dalma sama. Na zare dalmar, ƙarƙashinta danƙo, alamar giyar ta kumbura da zafi ta tsatso waje ta bushe. Na ɗaga ta a haske, ruwan ya sauka ƙasa da wuya har kafaɗa, abin da bai kamata a gani a kwalbar da ba ta kai shekara 10 ba. Na zuba a kofi, launi kamar shayin da ya kwana. Ƙamshi kamar an dafa zabibi an manta da shi a wuta. A baki lami, sai wani tsami-tsami mai kama da na ruwan kal a ƙarshe.

Na ce, "Ɗana, wannan ba jabu ba ce, amma ta mutu. Ka mayar."

Ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa. Da ya koma shagon suka ce ba a mayar da kaya, suka nuna masa lambar hukuma a jiki, suka ce wai tsohuwar giya haka ɗanɗanonta yake, shi ne bai saba ba. Maganar nan ta ƙarshe ita ta fi ƙona mini rai, domin da ita ake rufe bakin mutane. Mai saye yana jin kunyar a ce shi baƙauye ne, sai ya haɗiye abin da hancinsa ya riga ya ƙi. Na ga manyan mutane a otal suna yaba kwalbar da ke warin jiƙaƙƙen kwali, wanda alama ce toshiyar ta gurɓata, saboda kawai sun ga farashin a takarda. Dokar aikinmu ita ce mu shinshina kafin mu kai tebur, in ta lalace mu canza ba tare da gardama ba. Giya ɗaya na sani da zafi ba ya yi wa lahani, ita ce Madeira, ta wani tsibiri na ƙasar Fotugal, don ita da gangan ake ɗumama ta wajen yinta. Sauran duk, rana maƙiyiyarsu ce.

Bari in zo kan mai zaƙi, wadda ake sha bayan abinci, don ita na fi ƙauna, ita ce kuma aka fi yi wa ƙarya a ƙasar nan. Mu mutane ne masu son zaƙi, kuma sukari yana rufe aibi kamar yadda yaji ke rufe naman da ya fara juyawa. Ruwa da sukari da kala da ɗan barasa, a liƙa takarda mai hoton gidan sarauta, an gama. Irin wannan tana manne leɓe, ta ƙona maƙogwaro, kurɓa biyu ta ginshe ka.

Ta ainihi ba a zuba mata sukari, zaƙinta daga wahala yake fitowa. A yankin Sauternes na Faransa, kudu da birnin Bordeaux, wani ƙaramin kogi mai sanyi da ake kira Ciron yana shiga kogin Garonne. Da kaka, haɗuwarsu kan tayar da hazo da safe ya lulluɓe gonaki, da rana ya washe. Wannan laima da bushewa ke sa wata fumfuna mai suna Botrytis ta kama inabi, ta huda ɓawonsa, ruwan ciki ya ƙafe, sukari da tsami su taru a ɗan abin da ya rage. In ka ga inabin za ka ce na zubarwa ne, ya yamutse ya yi toka-toka. Fumfunar ba ta kama gona rana ɗaya, don haka masu tsinka sukan zaga gona sau da yawa cikin makonni, suna zaɓen wanda ya kai. In ruwan sama ya yi yawa sai ruɓa ta gaske ta shiga, shekara ta tafi. Gidan Château d'Yquem, wanda shi kaɗai aka ɗora a matakin ƙoli na masu zaƙi a jerin darajar giyar Bordeaux da aka yi a 1855, an san shi da cewa kofi ɗaya yake samu daga kowace kurangar inabi. A 1964 da 1972 da 1974 da 1992 da 2012 ba su fitar da ko kwalba ɗaya da sunansu ba, don amfanin shekarar bai kai ba. Wannan hali ne nake so 'yan kasuwarmu su ji labarinsa.

Sau uku kacal na ɗanɗana Yquem a rayuwata, duka a bakin aiki. Ta farkon ba na manta ta. Launinta kamar zumar da aka tatso daga amya aka ɗaga a rana. Ƙamshin zuma ne, da ɓawon lemu, da mangwaron da ya nuna har ya fara tsatsa. Zaƙin ya cika baki, amma kafin ya ginshe ka sai wani tsami ya taso ya wanke harshe tas. Duk macen da ta iya dama kunun tsamiya ta san wannan lissafi: in sukari ya fi tsamiya ƙarfi ba a iya shanye kofi, in sun yi daidai sai a nemi ƙari. Ma'aunin mai zaƙi ke nan a ko'ina. Da shi ake auna Tokaji ta ƙasar Hangari, wadda ita ma fumfunar nan ce ke yinta. Da shi ake auna wadda Jamusawa da mutanen Kanada ke yi da inabin da ya daskare a jikin kuranga, Jamus sai sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili, Kanada 8, a matse shi yana ƙanƙara. Ta Sifaniya da ake kira Pedro Ximénez shanya inabin ake yi a rana, takan fito baƙa mai kauri, ɗanɗanonta dabino da mazarƙwaila. Mu ma a nahiyarmu muna da tamu. Gonar Constantia kusa da birnin Cape Town tun 1685 aka kafa ta, kuma mai zaƙinta har tsibirin Saint Helena ake kai wa Napoleon lokacin da yake tsare. Wanda ya san wahalar da ke bayan irin waɗannan, in ya ga an jera su a kwali-kwali da arha, ya san akwai magana.

Kada kuma a ɗauka talaka kaɗai ake yi wa. Wani ɗan Indonesiya mai suna Rudy Kurniawan ya yi shekaru a Kalifoniya yana haɗa giya a gidansa, yana ɗurawa a tsofaffin kwalabe, yana sayar wa attajiran Amurka da miliyoyin daloli. A 2008 aka kai gwanjo a New York da kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot masu ɗauke da shekaru daga 1945 zuwa 1971. Mai gidan, Laurent Ponsot, ya taso daga Faransa ya hana a sayar, don gidansu bai fara yin wannan giya ba sai 1982. An kama Kurniawan a 2012, aka yanke masa shekara 10 a 2014. Masu sayen nan suna da kuɗi, suna da manyan dillalai, amma wanda ya san tarihin kayansa ne ya tona asirin.

Sai dai akwai inda harshe da hanci ba su da amfani, kuma dole in faɗa don rai ya fi kuɗi. Gubar methanol, wadda ke makantar da mutum ko ta kashe shi, ba a iya rarrabe ta da barasar sha ta hanyar ɗanɗano, komai gwanintar mutum. Mun ji yadda ta kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo a 2015. Mun kuma ga abin da NAFDAC ta bankaɗo a kasuwar Cemetery da ke Aba a Disambar 2023, inda ake haɗa jabun giya da lemo a ɗura a kwalaben kamfanoni. Aikin ɗakin gwaji ne wannan, ba na ɗanɗano ba, shi ya sa ban ce a daina duba lamba ba. Abin da kowa zai iya yi shi ne ya lalata kwalba bayan biki. A otal ba ma barin kwalba mai suna ta fita da takardarta lafiya, mukan kekketa ta da wuƙa. Yaran da ke bin wuraren biki suna tsintar kwalabe masu kyau, ba duka ne ke kai wa masu sayar da gyaɗa ba.

Ga maganar da na ce ta shafi Musulmi. A bukukuwan Abuja yanzu ana jera dogayen kwalabe da ake cewa ba barasa a ciki. Iri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa gas, wanda bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma wanda giya ce cikakkiya aka yi, daga baya aka zare barasar da na'ura, kuma dokar ƙasashen Turai ta yarda a bar har kashi 0.5 cikin ɗari a irin wannan. Hukuncinsa na malamai ne, ba nawa ba. Nawa shi ne in ce a juya kwalba a karanta ƙananan rubutun baya kafin a zuba wa baƙo, kuma mai hidimar biki kada ya jera su tebur ɗaya da masu barasa, don kwalaben sun yi kama ƙwarai. Na taɓa tare hannun wani Alhaji a liyafa saura ƙiris ya kai baki, wani sabon yaro ne ya rikita kwalabe. Ya riƙe hannuna ya daɗe yana sa mini albarka.

Nakan yi tunanin manoman inabi na Kudan a jihar Kaduna, waɗanda kayansu ke isowa kasuwannin Abuja. Ilimin nan na auna zaƙi da tsami, da sanin ranar tsinka, da kare kaya daga zafi, ba sai an yi giya yake amfani ba. Zabibi da ruwan inabi zalla ma da shi ake yinsu su yi daraja.

Roƙona ga hukuma shi ne binciken kada ya tsaya a kan lamba. A riƙa shiga sito a ga yadda ake ajiye kaya, kamar yadda ake yi wa masu sayar da maganin da ke buƙatar sanyi. Shagon da ke karɓar kuɗin tsohuwar giya ya zama dole ya karɓi kwalbar da ta lalace a hannunsa. Masu saye kuma su shafa bakin kwalba, su ɗaga ta a haske, su sayi ɗaya su buɗe kafin su sayi kwali, kuma in hanci ya ƙi abu kada kunya ta sa a haɗiye.

Ɗan ƙanwata dai an ɗaura aurensa lafiya. Uwarsa ta kwana tana dafa zoɓo da citta da kanumfari, shi aka sha, kwalayen nan huɗu kuma har yau suna ƙarƙashin gadonsa a Nyanya, ya kasa zubarwa. Ranka ya daɗe, in za ka turo wakilinka, ni zan biya kuɗin motata daga Jos in same shi a Abuja cikin watan Maris. Mu fara da ɗakin yaron ya ga kwalaben da idonsa, sannan da ƙarfe biyu na rana mu zaga shaguna, ya ɗora tafin hannunsa a kan waɗanda ke bayan gilashi, ya rubuta abin da ya ji.

Naka,
Tsohon ma'aikacin otal,
Tudun Wada, Jos.